Maganin Gida Biyu

Baba Mai Aski bai taɓa sanin aikin zaune ba. Tun yana saurayi a tsaye yake neman abincinsa, a bayan kujera, almakashi a dama, mataji a hagu, bakin nan kuwa ba ya hutu. Shagon ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya mai juyawa wadda fatarta ta tsage aka liƙe da salatif, madubi mai tabo a kusurwa, bencin masu jiran layi, sai wata ƙofa ta baya da ke shiga ɗakin da yake kwana, wanda shi ma yake da tasa ƙofar ta lungu. Tun da matarsa ta rasu, shagon nan ne gidansa, shi ne majalisarsa. In ka raba tsohon da shi, to ka gama da shi.

'Ya'yansa biyu ne, duka mata, kowacce a gidan mijinta. Babbar tela ce, kowa Yaya yake ce mata har maƙwabta. Ƙaramar kuwa, Auta, aikin ofis take yi, ba ta fita sai da jaka mai sheƙi. Su biyun nan ba sa ga maciji. Hawan jini ne ya kwantar da uwarsu, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta kuma tashi ba. A gidan Yaya ta yi jinya, kuma tun ba a gama share hawaye ba Auta ta faɗa a gaban mutane cewa sakacin Yaya ne, ita ta bar tsohuwa tana tsallake magani. Yaya ta ce wadda take zuwa dubiya da turare a jiki ta tsaya daga bakin ƙofa ai ba ta da bakin magana. Daga ranar gaisuwa ta ɗauke. In sun haɗu a hanya, ɗaya ta ga abin kallo a sama, ɗaya ta ga nata a ƙasa.

Sai suka raba uban kamar kayan gado. Da safe ya karya a gidan Yaya, da yamma in ya rufe shago ya ci na gidan Auta. Ba ya kai labarin nan can, ba ya kawo na can nan. Ya koyi wannan tun ranar da ya yi suɓutar baki ya yabi girkin ɗaya a gaban ɗaya, ya ga yadda aka janye kwano daga gabansa.

Ana nan Yaya ta lura yana yawan dafe ƙeya. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta ja shi babban asibiti, aka auna, aka ce jininsa ya ɗan hau. Aka ba shi ƙwaya iri biyu, wata 'yar fara, wata kuma mai sa fitsari. Kullum safiya sai ta tsaya a kansa da kofin ruwa, hannu ɗaya a ƙugu.

"Haɗiye, Baba. Buɗe baki in gani. Ba za a sake cewa na kashe wani ba."

Ba a daɗe ba ita ma Auta ta ɗauke shi a mota zuwa asibitin da take zuwa, irin mai kujeru masu laushi da sanyin na'ura. Duk hanyar nan zagin Yaya take yi, har suka hau bene suka zauna. Ina jini zai kwanta? Aka auna aka ga ya hau. Likitan can ya tambaya ko Baba yana shan wani magani. Baba ya buɗe baki, ya dubi fuskar Auta, ya tuna kwanon da aka janye. Kafin ya gama tunani ta riga shi.

"Wa zai ba shi? In ba ni ba, wa ya damu da shi?"

Shi ke nan, aka ba shi wata ƙwaya a kwali mai ƙyalli. Ita kuma da yamma ake sha, Auta na zaune tana kallon maƙogwaronsa.

Kada ku ce tsohon bai sani ba. Ya sani sarai duka na hawan jini ne. Amma a lissafinsa, ƙin na Yaya ɗaukar ɓangaren Auta ne, ƙin na Auta kuma ɗaukar ɓangaren Yaya. Ƙwaya ce fa, 'yar mitsitsiya, mene ne a cikinta? Komawa asibiti kuwa kullum sai ya ce layi ya cika a shago. Da magani ya ƙare, kowacce sai ta kai kwalinta wurin mai kemis ta sayo wani. Haka aka yi ta tafiya.

Jiri ya fara da kaɗan-kaɗan. In ya sunkuya ɗauko tawul ya miƙe, sai madubin ya yi duhu daga gefe, sai ya dafa kujera ya ci gaba da zuba hira kamar ba komai. Ƙafafunsa suka fara kumbura, takalmi yana matse shi. Ga fitsari, sai ya bar mutum da rabin kai a aske ya ruga bayan gida, ya dawo ana yi masa tsiya.

Ranar da abin ya fashe, mai burodin unguwar ne a kujera, an shafe masa haɓa da kumfa. Baba ya sunkuya ya ɗauko reza daga aljihun tebur, ya miƙe, ya kai hannu. Abin da ya iya tunawa ke nan. Da ya farfaɗo yana kwance a ƙasa cikin gashi, goshinsa a fashe, mai burodi kuma yana tsaye da tawul a kunne, jini yana ɗiga, yana faɗa wa duk wanda ya leƙo cewa saura ƙiris da maƙogwaronsa ne.

Aka aika wa 'ya'yan. Kusan tare suka iso, suka tsaya ɗaya a dama da ƙofa, ɗaya a hagu, suna magana da jama'a don kada su yi da juna.

"Ku tambayi wadda take ba shi karin kumallo, me take ba shi?"

"Ku ce wa mai jakar, ni ba a ofis nake renon ubana ba."

A abu ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya, shi ne shago ya rufu. Tsufa ne ya zo, in ji su, kafin ya yanka ɗan mutane a kai su ƙara. Auta ta ja ƙofar gaba, ta datse kwado, ta jefa mabuɗin cikin jaka. Baba yana zaune a kan benci a waje, an ɗaure masa goshi, yana jin ƙarar zip ɗin jakar nan har cikin haƙoransa.

Washegari aka tafi ƙaramin asibitin unguwa, don Yaya ta rantse ba za ta taka na Auta ba, Auta ma ta ce ba ta bin layin na Yaya. Ɗakin likitar bai fi shagon Baba girma ba: tebur, gadon gwaji da labule, fanka mai kuka, kujeru biyu. Likitar mace ce mai ɗan shekaru, tabarau a kan karan hanci, ga alama tun safe ba ta sha ko ruwa ba. Baba ya zauna a kujera ɗaya. Ɗayar ta zauna ba kowa, don duk wadda ta zauna ɗayar za ta tsaya a kanta.

"Baba, me ya kawo ka?"

"Faɗuwa ya yi," in ji Auta. "Jininsa ne ya hau, a ƙara masa magani."

"Sakaci ne ya hau," in ji Yaya.

Likita ta dube su ta saman tabarau. "Wace ce Baba a cikinku?"

Ta juya gare shi, ta tambayi sana'arsa. Da ya ce aski, sai ta tambaya a tsaye ko a zaune, wuni nawa, yana cin abincin rana ko sai yamma, yana shan ruwa. Ya ce ruwa kam ya rage, don fitsari yana kunyata shi gaban mutane. Ta naɗa masa abin awo a dantse, ta matsa, ta saurara. Ta ɗan yamutsa fuska.

"Aikinka a tsaye yake, to a tsaye zan auna ka. Tashi, amma riƙe tebur."

Ya miƙe. Ɗakin ya yi masa duhun nan da ya sani, kukan fanka ya yi nisa. Ya ji hannunta a kafaɗarsa tana mayar da shi kujera.

"Wannan jini ba hawa ya yi ba," ta ce. "Sauka ya yi, har ya wuce inda ake so. Yana shan magani?"

"Kullum!" Su biyun suka faɗa tare.

Sai suka juyo suka dubi juna, karo na farko tun rasuwar uwarsu.

"Ke? Wane magani kike ba shi?" in ji Auta.

"Ni zan tambaye ki! Ni da na kai shi asibiti da ƙafata!"

Yaya ta kwance bakin mayafi ta zazzage ƙullin leda a kan tebur. Auta ta zuge jaka ta dangwarar da kwalinta mai ƙyalli, kowacce tana tura nata gaba kamar shaida a kotu. Baba ya sa ido a kan takalminsa. Likita ta ɗauki kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ta kai kusa da fuska tana karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan manya.

"Wannan farar da wannan ta kwali mai ƙyalli magani ɗaya ne," ta ce. "Kamfani ne ya bambanta. Yana shan na safe, yana shan na yamma mai ƙarfi, ga mai sa fitsari a kai, ga shi ba ya shan ruwa, ga tsayuwa wuni guda. Allah ne ya tsare, da reza a hannu."

Kuna tsammanin za su yi sanyi? Ina! Wuta aka zuba wa mai.

"Munafuka! Kika zagaya ta bayana kika kai shi wurin masu kuɗi don a ce ke ce 'yar kirki!"

"Ni na zagaya? Ke da kike ɗura masa ƙwaya a ɓoye kamar mai ba kaza magani! Kin gama da Mama, yanzu kin juyo kan Baba!"

Yaya ta yi kanta. Likita ta buga tafin hannu a tebur, kwalayen suka yi tsalle.

"Nan ba tsakar gidanku ba ne. Akwai mai ciwo a ɗakin nan, akwai wasu a waje. Wadda ba za ta iya riƙe bakinta ba, ga ƙofa."

Ta juya ga tsohon, kuma shi ma ba ta sassauta masa ba. "Baba, kai ka san iri ɗaya kake sha a gida biyu?"

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. "Na san duka na jini ne."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Likita, kin dai gan su." Bai ɗaga kai ba. "Wanne zan tofar?"

Yaya ta saki baki. Auta ta ce, "Au, mu ne ma masu laifin? Baba, mu ka mayar abin tsoro?" Ya ci gaba da murza hularsa. Gumi ne yake bin bandejin goshinsa yana shiga ciwon.

Likita ta ware mai sa fitsarin gefe, ta ware kwali mai ƙyalli gefe. Ta ce waɗannan za a dakata da su. Ƙwaya ɗaya za ta bar masa, mafi sauƙin ƙarfi, sau ɗaya a rana, sa'an nan ya dawo ta sake aunawa a zaune da tsaye, a ga inda jikinsa ya tsaya.

Nan fa suka haɗe mata kai, abin da ba su taɓa yi wa kowa ba.

"Rage magani?" in ji Auta. "Babban likita ne ya rubuta wannan, mai ofis a bene. Ke a wannan ɗan akurkin za ki soke?"

"Mu muka ga abin da rashin magani ya yi wa uwarmu," in ji Yaya. "Ke kin gani? Kin taɓa juya uwarki a gado kina goge mata baki? In ɓarin jikinsa ya shanye, ke za ki zo ki ɗauke shi?"

Likita ta cire tabarau ta murza ido. "Allah ya ji ƙanta. Ban ce ya bar magani ba, kuma ba zan ce ba, yana bukatarsa. Likitan bene bai yi kuskure ba, abin da aka faɗa masa ya yi aiki da shi. Amma uwarku daban, wannan tsohon daban. Shi faɗuwa ce za ta karya masa ƙugu ko ta fasa masa kai tun kafin abin da kuke tsoro ya zo. Ba allon awo nake yi wa magani ba, mutum nake yi wa." Ta mayar da tabarau. "Baba, kai me kake so? Ba su ba. Kai."

An daɗe ba a yi masa wannan tambayar ba, har sai da ya duba ko da wani Baban a ɗakin. Ya ji idanu huɗu suna huda masa wuya.

"Ina son in tsaya a bayan kujerata," ya ce. "Ina son in gama kan mutum ban ruga bayan gida ba. In sa takalmina ya shiga. Shi ke nan. Ban ce zan daɗe kamar dutse ba."

"To abin da za mu nema ke nan."

"Farar tawa ce za a bari ke nan," in ji Yaya, tana gyara mayafi, tana kallon fanka. "Gidana zai riƙa sha."

"A gidan da aka saba tsallake magani? Wallahi sai dai a gidana!"

Likita ta tura ledar farar ƙwayar tsakiyar tebur, ta ɗauke hannunta. Tsohon take kallo. Baba ya gane. Ya miƙa hannu ya ɗauki ledar ya cusa a aljihun gaban riga.

"A ɗakina zan sha. Ni na san safiya, ba sai an nuna mini ita ba."

"Baba!"

"Ban gama ba. Ke Auta, mabuɗina."

Auta ta rungume jaka a ƙirji. "Likita, faɗa masa! Jiya ya kusa yanka mutum!"

"Gaskiyarta," in ji Likita. "Baba, ba reza, ba almakashi, sai ka dawo na auna ka a tsaye na ga jirin ya tafi. In ka taɓa kan mutum kafin nan, ni da kaina zan ce a rufe. In za ka tashi, ka zauna tukuna a bakin gado, ka tashi a hankali. Ka sha ruwa. In ka ji ciwon kai mai tsanani, ko hannu ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ba jira, a kawo ka nan take. Amma mabuɗi ba magani ba ne, ba ni nake rubuta shi ba. Nasa ne."

"Kin ji," in ji Baba. "Zan buɗe in share, in zauna a bencina a yi hira. Ba zan taɓa kan kowa ba sai ta ce. Ba ni mabuɗin."

Auta ba ta ba shi ba a ɗakin. Ta figi kwalinta mai ƙyalli, Likita ta ce ta bar shi nan, ta wurgar da shi a tebur ta fice. Yaya ta bi bayanta, ba don su jera ba, don dai ƙofar ɗaya ce. Baba ya yi godiya. Likita ta riga ta kira na gaba, ta ce masa kawai, "Ka dawo fa, kada ka ce mini layi ya cika."

A barandar asibitin ya same su, nesa da juna, kowacce ta cika ta yi fam. Yaya ce ta fara.

"Tunda ka iya da kanka, Baba, sai ka iya da karin kumallonka. Ni na gaji da zama mai laifi. Na yi jinya an zage ni, na ba da magani an zage ni." Hawaye ya zubo mata, ta share da ƙarfi kamar mai jin haushinsa, ta sauka matakala ta yi hagu.

Auta ta zuge jaka, ta lalubo mabuɗin, ta riƙe shi da yatsu biyu. "Ka kunyata ni gaban bare. In ka sake faɗuwa, kada a aiko mini." Ba ta miƙa masa a hannu ba. Ta sake shi ya faɗi a siminti, ta yi dama, takalminta yana ƙwas-ƙwas har ta shiga mota.

Masu jiran layi a kan benci suka yi kamar ba su gani ba. Wata mata mai goyo ta yunƙura za ta ɗauko masa, ya ɗaga mata hannu.

"Bar shi, 'yata. Na gode."

Ya dafa ƙarshen bencin, ya durƙusa a hankali, ya ɗauki mabuɗin. Bai miƙe nan da nan ba. Ya zauna a bakin bencin tukuna, ya jira, yana kallon titi ta inda ɗaya ta bi da ta inda ɗayar ta bi. Yau dai ba mai ajiye masa kwano, gobe ma bai sani ba.

Ya roƙi mai goyon ta ɗan tsiyaya masa ruwa daga gorarta, ya sha. Sa'an nan ya tashi, kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya a bango. Barandar ta ɗan yi duhu daga gefe, ya tsaya har ta washe. Ya damƙe mabuɗin a tafin hannu, ya sauka matakala, ya miƙe tsakiyar hanya zuwa shago.